Zaɓen Allo don Rumbun Bayanai na Gida: USB, PCIe ko SATA, ARM ko Intel

Duk wanda ya yi niyyar haɗa wa kansa na'urar adana bayanai da ke zaune a kan hanyar sadarwa, wadda aka fi sani da NAS, ta amfani da kwamfutar allo ɗaya mai buɗaɗɗen tsari, zai tarar da cewa abin da masu tallar allunan suka fi ɗagawa, wato saurin furosesa da yawan cibiyoyinta, shi ne ya fi ƙarancin tasiri a kan aikin da yake so a yi masa. Aikin rumbun bayanai shi ne ya karɓi fayil daga waya, ya rubuta shi a faifai, sannan ya mayar da shi yadda aka ba shi bayan shekara biyar ko goma, kuma wannan aiki ya fi dogara da hanyar da faifan ke bi zuwa furosesa, da wutar da ke ciyar da shi, da kuma ko manhajar allon za ta ci gaba da samun gyara bayan kamfanin da ya ƙera shi ya juya zuwa wani abu. Kowane allo da ke kasuwa ya sayi wata fa'ida ne da wata asara, don haka zaɓi mai kyau yana farawa ne daga sanin asarar da mutum zai iya jurewa.

Ya kamata a fara da iyakar da wayar sadarwa ta gindaya, domin ita ce ma'aunin sauran. Kafar Ethernet mai gudun gigabit 1 tana ɗaukar megabait 125 a daƙiƙa a lissafi, a aikace kuwa abin da ke isa ya fi kusa da 110 zuwa 118. Faifai mai juyawa guda ɗaya na inci 3.5 yana karanta babban fayil da gudun megabait 150 zuwa sama da 250 a daƙiƙa, wato shi kaɗai ya isa ya cika wayar har da saura. Kafa mai gudun gigabit 2.5 tana ɗaga iyakar zuwa kusan megabait 290 a aikace. Daga nan ne wasu ke yanke hukuncin cewa babu amfanin damuwa da yadda aka haɗa fayafai da allo, tunda ko wace hanya aka bi wayar ce za ta tare gudun. Wannan magana gaskiya ce game da kwafe fayil ɗaya zuwa kwamfuta ɗaya, amma ta manta da ayyukan da rumbun ke yi a cikinsa ba tare da sun bi ta waya ba, kuma a nan ne allunan suke rabuwa.

Hanya mafi sauƙi ga mai ƙera allo ita ce USB, domin kusan kowace furosesa ta zo da ita. ODROID-HC1 da HC2 na kamfanin Hardkernel na Koriya ta Kudu sun bi wannan hanya da ƙwayar JMS578 da aka lika a kan allon, kuma ita ce hanyar da mafi yawan masu Raspberry Pi 4 ke bi, inda kafofin USB huɗu duka suke raba layi guda na PCIe, wato hanya mai sauri da ke haɗa furosesa da sauran sassan allo, ta ƙwayar VL805. USB 3.0 tana iya kai kimanin megabait 400 a daƙiƙa, don haka gudu ba shi ne damuwar ba. Damuwar ita ce akwai ƙwaya a tsakani da ke aikin tafinta tsakanin harshen USB da na SATA, wanda shi ne ainihin harshen faifai, kuma ba kowane tafinta ne yake isar da duk abin da aka faɗa ba. Wasu ƙwayoyin ba sa miƙa bayanan SMART, waɗanda ta su ne faifai ke sanar da zafinsa da yawan sassan da suka lalace a jikinsa. Wasu suna ɓoye lambar faifan su nuna tasu, ta yadda fayafai biyu za su bayyana da suna ɗaya. Wasu kuma suna tangarɗa da UAS, ƙa'idar da ke ƙara wa faifai sauri a kan USB, har Linux ta tanadi jerin ƙwayoyin da take kashe musu ita. Mafi muni shi ne katsewa ta ɗan lokaci: idan wuta ta yi ƙasa ko filogi ya motsa, USB tana sake haɗuwa daga farko, tsarin RAID kuwa, wanda ke haɗa fayafai da yawa su zama jeri ɗaya, yana ɗaukar hakan a matsayin mutuwar faifai, ya fitar da shi daga jeri. Ƙwayar da aka lika a allo, kamar ta HC2, ta rage wannan haɗari sosai tunda babu kebul da zai motsa, amma faifai ɗaya tak take ɗauka. Ga mai faifai ɗaya da ke da kwafi a wani wuri, USB ta wadatar. Ga mai son fayafai uku ko huɗu su zama jeri ɗaya, ba na ba da shawararta ko kaɗan.

Hanya ta biyu ita ce a ɗauki layin PCIe na furosesa a ɗora masa ƙwayar da ke sarrafa SATA, kuma yawancin allunan da suka cancanci a kira su NAS a yau haka suke. A nan faifai yana magana da Linux da harshensa, SMART tana aiki, kuma ana iya cire faifai a saka wani na'urar tana kunne. Abin lura shi ne yawan layuka da zamaninsu. Layi ɗaya na PCIe 2.0 yana ɗaukar megabait 500 a daƙiƙa, na 3.0 kuwa kusan 985. Ƙwayar ASM1061 tana ba da kafofin SATA biyu a kan layi ɗaya na 2.0, JMB585 tana ba da biyar a kan layi biyu, ASM1166 kuma shida a kan layi biyu. ODROID-HC4, wanda ya fito a 2020 da furosesar Amlogic S905X3, yana da layi ɗaya tak, kuma masu ƙera shi sun tsaya a fayafai biyu, abin da nake gani daidai ne, domin da wuya biyu masu juyawa su cika layin. Raspberry Pi 5 na 2023 shi ma layi ɗaya ya fitar, wanda a hukumance na 2.0 ne, amma ana sayar masa da ƙarin alluna masu kafofi huɗu ko biyar. Waɗannan suna aiki, sai dai a yi lissafi: idan faifai ɗaya ya mutu a jerin RAID 5, wato jerin da ke jure mutuwar faifai ɗaya kawai, dole a karanta sauran duka a lokaci guda kuma a rubuta a sabon, kuma fayafai huɗu masu gudun 200 kowanne suna neman 800 a hanyar da ba ta wuce 500 ba. Faifai mai terabait 8 da ake cikawa da gudun megabait 150 a daƙiƙa yana ɗaukar kusan awa 15. Idan layin ya rage gudun, awannin suna ƙaruwa, kuma duk tsawon wannan lokaci jerin ba shi da kariya, mutuwar faifai na biyu ita ce asarar komai. Haka kuma binciken da tsarin fayil irin ZFS ko Btrfs ke yi lokaci zuwa lokaci, inda suke karanta kowane bayani su gwada shi da lambar tantancewarsa, yana tsawaita. Helios64 na kamfanin Kobol ya haɗa fayafai biyar da furosesar RK3399 ta JMB585 a kan layi biyu, RockPro64 na Pine64 kuma ya bar ramin PCIe mai layi huɗu a buɗe don mai shi ya saka katin da yake so, wanda ya fi sassauci amma ya bar wa mutum wahalar nemo akwati da wutar fayafai da kansa.

Hanya ta uku, wadda ta fi tsabta a zane, ita ce furosesar da aka haife ta da kafofin SATA a jikinta. Helios4, wan Helios64, an gina shi ne a kan Marvell Armada 388, wadda aka yi ta musamman don ajiya da sadarwa: kafofin SATA huɗu ba tare da wata ƙwaya a tsakani ba, injin lissafin RAID, injin kulle bayanai, da RAM mai gyara kuskure. Kuɗin da aka biya a kan wannan tsabta shi ne tsufa. Cibiyoyinta biyu ne na Cortex-A9 masu bit 32, kuma Linux mai bit 32 da shafukan kilobait 4 ba ta iya riƙe tsarin fayil da ya wuce kusan terabait 16, iyakar da ba ta damu kowa ba a lokacin da faifai mai terabait 4 yake babba, amma a yau faifai ɗaya ya wuce ta. ZFS ma ba ta jin daɗin bit 32, kuma manhajoji da yawa sun daina fitar da sigarsu ta irin wannan furosesa. A20-OLinuXino-LIME2 na kamfanin Olimex na Bulgeriya yana cikin wannan dangi, da kafar SATA ɗaya kai tsaye daga Allwinner A20 da RAM gigabait 1. Ya dace da ajiyar takardu da kalanda, kamar yadda FreedomBox, manhajar sabar gida, ke amfani da shi, amma bai dace da tarin bidiyo ba.

Akwai dabara ta huɗu da ya kamata a gane ta don a guje mata, wato raba kafar SATA ɗaya zuwa biyar da ƙwaya irin JMB575. Allon zai nuna kafofi da yawa a hoto, amma duk suna bin igiya ɗaya, kuma idan faifai ɗaya ya fara ciwo yana jinkirin amsawa, sau da yawa Linux tana sake tayar da igiyar baki ɗaya, lafiyayyun ma su tsaya.

Batun wuta shi ne wanda aka fi rainawa, kuma daga gare shi ne yawancin matsalolin da ake ɗora wa manhaja suke tasowa. Faifan inci 2.5 volt 5 kawai yake buƙata, na inci 3.5 kuwa yana buƙatar volt 12 don injin juyawa da volt 5 don lantarkinsa. A lokacin aiki babban faifai yana shan wat 5 zuwa 9, amma a daƙiƙun farko na tashi yana iya jan kusan ampiya 2 a layin volt 12, don haka fayafai biyar da suka tashi tare suna neman abin da ya kai wat 120 na ɗan lokaci, a na'urar da ba za ta wuce wat 40 ba a sauran yininta. Mai zane yana da zaɓi biyu: ya sa babbar na'urar ba da wuta wadda za ta yi zaman banza mafi yawan lokaci, kuma irin waɗannan ba su cika inganci ba idan nauyin da ke kansu ƙarami ne, ko kuma ya sa makunnai a allon da za su tayar da fayafan bi da bi, abin da ke ƙara sassa da tsada amma ya fi hankali. Mai saye ya duba ko allon ne yake samar da volt 5 na fayafai daga volt 12 da ke shigowa, da kuma ko ampiyar da aka rubuta ta isa yawan kafofin da aka saka. Akwai kuma wani ƙaramin tarko: wasu manyan fayafai na zamani suna ɗaukar wutar volt 3.3 a fil na uku na filogin SATA a matsayin umarnin su kashe kansu, don haka allon da ke tura wuta a wannan fil ba zai taɓa tayar da su ba. Game da yankewar wuta, Helios64 da LIME2 duka sun tanadi wurin batir a kan allo. Batirin Helios64 ba don ci gaba da aiki aka yi shi ba, sai don a samu mintunan kammala rubutu a rufe na'urar cikin tsari, kuma wannan yana da muhimmanci ga RAID 5, inda yankewar wuta a tsakiyar rubutu ke iya barin bayanai da lissafin farfaɗo da su ba su dace da juna ba. Asararsa ita ce batirin litiyam yana tsufa da sauri a wuri mai ɗumi, kuma cikin akwatin fayafai wuri ne mai ɗumi.

Wanda zai bar na'ura a kunne dare da rana ya riƙa tuna cewa kowane wat ɗaya yana zama kilowat-awa 8.76 a shekara, kuma da zarar fayafai masu juyawa sun kai huɗu, su ne ke shan mafi yawan wutar, ba allon ba. Bambancin wat uku ko huɗu tsakanin allon ARM da ƙaramin allon Intel yana da nauyi a na'ura mai SSD ɗaya, wato faifai marar juyawa, amma yana ɓacewa a na'ura mai manyan fayafai biyar.

Zaɓen girman faifai yana jan wasu abubuwa a bayansa. GnuBee Personal Cloud 1, wanda aka tara wa kuɗi a Crowd Supply a 2017, ya ɗauki fayafai shida na inci 2.5, ya tsira daga matsalar volt 12, ya kuma zama ƙarami marar hayaniya. Sai dai fayafan inci 2.5 masu juyawa ba su wuce terabait 6 ba, kuma mafi yawan manyansu na SMR ne, wato waɗanda ake rubuta layukansu a kan gefen juna, ta yadda dogon rubutu ke sa gudunsu ya faɗi warwas. Wannan fasaha ce ta jawo cece-kuce a 2020, lokacin da aka gano cewa wasu fayafan WD Red da ake sayarwa don NAS na SMR ne, kuma suna wahalar da ZFS wajen sake gina jeri. A ɗaya gefen akwai allunan da suka watsar da faifai mai juyawa gaba ɗaya, kamar CM3588 na FriendlyElec, wanda ya raba layukan PCIe 3.0 huɗu na furosesar RK3588 zuwa ramuka huɗu na NVMe, wato SSD da ke hawa PCIe kai tsaye, kowanne da layi ɗaya. Kowane rami ya ninka gudun kafar gigabit 2.5 ɗin allon sau uku, don haka ba don gudun kwafe manyan fayiloli ake sayensa ba. Abin da ake samu shi ne shiru, da ƙarancin wuta, da saurin buɗe dubban ƙananan fayiloli, abin da ake biya kuwa shi ne tsadar kowane terabait, wadda ta ninka ta faifai mai juyawa.

RAM tana da tambayoyi biyu, yawa da aminci. Game da yawa, megabait 512 na GnuBee, tare da furosesar MediaTek MT7621A mai megahaz 880 da aka yi ta don na'urorin raba intanet, sun isa raba fayiloli kawai. Gigabait 2 sun isa manhajar NAS ta OpenMediaVault da tsarin fayil na ext4 a kan mdadm, manhajar RAID ta Linux. ZFS kuwa tana amfani da duk abin da aka ba ta wajen riƙe bayanan da ake yawan nema, kuma gigabait 4 su ne mafi ƙarancin abin da zan yarda da shi. A yawancin allunan ARM an lika RAM ɗin, babu ƙari daga baya, alhali allunan Intel irin ODROID-H4 suna da ramin da ake sauya ta. Game da aminci, RAM mai ECC tana gyara kuskuren bit ɗaya, ta kuma gano na biyu ta sanar. Lambobin tantancewa na ZFS da Btrfs suna kama lalacewar da ta faru a faifai, amma idan bayanin ya lalace a RAM kafin a lissafa lambar, za a rubuta kuskuren tare da shaidar cewa daidai ne. A nan ne sauyi daga Helios4 zuwa Helios64 yake da ban sha'awa: sabon ya samu cibiyoyi shida masu bit 64, da RAM ninki biyu, da kafa ta biyar, amma ya rasa ECC, domin RK3399 an yi ta ne don kwamfutocin hannu da akwatunan talabijin, inda ba wanda ke neman wannan. Kada kuma a ruɗu da kalmar ECC da ke jikin kowace RAM ta DDR5, wadda gyara ce ta cikin ƙwayar kawai, ba ta kare hanyar zuwa furosesa, ba ta kuma sanar da kowa komai. Wasu ƙananan furosesocin Intel na zuriyar N100 suna iya ware wani yanki na RAM ta yau da kullum don gyaran kuskure, kuma ODROID-H4 ya buɗe wannan zaɓi. A ganina ECC abin so ce, amma tana bayan kwafi na biyu a wata na'ura dabam. Wanda kuɗinsa bai kai duka biyun ba, ya zaɓi kwafin.

Wuri ɗaya da furosesa ke da ta cewa kai tsaye shi ne kulle bayanai. Raspberry Pi 4 ba shi da umarnin AES, tsarin kulle bayanai da aka fi amfani da shi, a cikin cibiyoyinsa, don haka kulle faifai gaba ɗaya yana cinye ƙarfinsa, sai dai a koma ga Adiantum, wadda ta shiga Linux 5.0 a 2019 don irin waɗannan furosesoci. RK3399, S905X3, RK3588, Raspberry Pi 5 da duk furosesocin Intel na yanzu suna da umarnin, kuma suna cika wayar gigabit a kulle ba tare da wahala ba. Wuri na biyu shi ne sauya fasalin bidiyo nan take ga masu manhajar kallon bidiyo irin Jellyfin ko Plex, inda Intel ke gaba saboda direbobinta sun daɗe da nuna. Kafar gigabit 2.5 ma a duba ta inda ta fito, domin furosesocin ARM da yawa gigabit 1 kawai suke da shi a jikinsu, sai a ƙara ta biyun ta USB, kamar RTL8156 a Helios64, ko a ci ɗaya daga layukan PCIe da fayafai ke bukata. Ba ta kuma da amfani sai suwic da kwamfutocin da ke ɗaya gefen sun iya gudun.

Kalmar buɗaɗɗe tana da matakai, kuma masu talla suna haɗa su wuri ɗaya. Mataki na farko shi ne a wallafa taswirar wayoyin allo a matsayin takardar karantawa, wanda ya isa mai gyara ya bi layi ya gano abin da ya ƙone. Hardkernel, Pine64 da Kobol sun yi wannan. Na biyu shi ne a saki fayilolin zanen na asali da lasisin da ya halatta wa wani ya sauya ya ƙera, kamar yadda Olimex ke yi. Na uku shi ne ko allon zai tashi ba tare da rufaffiyar manhajar da ba wanda ya ga cikinta ba. RK3399 da Armada 388 suna iya tashi da manhajar tayarwa ta U-Boot wanda har shirya RAM ɗinsa a buɗe yake, RK3588 tana dogara da rufaffen ƙunshi daga Rockchip don tayar da RAM, Raspberry Pi yana farawa da rufaffiyar manhajar tayarwa, allunan Intel kuma suna da rufaffen sashe mafi girma duka. GnuBee ya zaɓi furosesa mai rauni ne da gangan don ya tsira daga wannan, kuma wanda 'yancin manhaja ne babban burinsa zai fahimci cinikin. Amma matakin da ya fi shafar lafiyar bayanai shi ne na huɗu, wato ko tallafin allon ya shiga babban reshen Linux, ko kuwa yana rataye ne da tsohuwar sigar da kamfanin furosesa ya gyara wa kansa ya daina taɓawa. Kobol ya dakatar da aikinsa a 2021, shekara guda bayan fitowar Helios64, kuma abin da ya bar allunansa da rai shi ne tallafinsu yana cikin Armbian, wato Linux da aka shirya don allunan ARM, da babban reshen Linux, ga takardunsu a fili. Sabuwar furosesa takan ɗauki shekaru kafin duk sassanta su shiga babban reshe, don haka tsohuwa da ta riga ta shiga ta fi sabuwa mai ƙarfi dacewa da na'urar da ake so ta zauna shekara goma. Abin mamaki shi ne Intel, duk da rufinta, ita ce ta fi sauƙi a wannan mataki: kowace Linux ta Debian tana tashi a kanta ba tare da siga ta musamman ba, kuma manhajar NAS ta TrueNAS a hukumance a irin wannan furosesa kaɗai yake gudana.

Sauran ƙananan abubuwa ba su buƙatar dogon bayani. Katin microSD yana gajiya da yawan rubutu, don haka allon da ke da ƙwayar ajiya ta eMMC ko ke iya tashi daga SSD ya fi. Agogo mai batir yana hana kwanan watan fayiloli rikicewa bayan yankewar wuta. Fayafai su ne ke buƙatar iska fiye da furosesa, yawancinsu an ƙayyade musu kada su wuce digiri 60, kuma babbar fanka mai juyawa a hankali ta fi ƙananan biyu masu ihu, musamman idan allon yana iya daidaita gudunta bisa zafin fayafan. Tsarin HC4, inda fayafai ke tsaye a fili ba akwati, yana sanyaya su kyauta amma ya bar su ga ƙura da bugun hannu.

Idan aka zo yanke hukunci, a fara ƙirga fayafai. Mai buƙatar terabait kaɗan, wanda faifai ɗaya da kwafi a wani wuri sun ishe shi, kowane allo mai USB 3.0 da gigabit na gaskiya zai yi masa, kuma ƙarin kashe kuɗi ba zai ƙara masa komai ba. Mai son fayafai biyu da ke kwafin juna, wanda nake ganin shi ne tsarin da ya fi dacewa da yawancin gidaje da ƙananan ofisoshi, ya nemi allon ARM mai bit 64 da SATA ta PCIe, irin HC4 ko RockPro64 da kati, domin layi ɗaya ya ishe shi, lissafin RAID 5 bai shafe shi ba, kuma ƙaramar na'urar ba da wuta za ta ɗauki tashin fayafai biyu. Mai son shiru da ƙanƙanta fiye da yawan ajiya ya duba allunan NVMe na RK3588, bayan ya tabbatar da sigar Linux da za su gudana a kai. Daga fayafai huɗu zuwa sama, musamman da ZFS, ma'auni yana karkata zuwa ƙaramin allon Intel irin ODROID-H4+, mai kafofin SATA huɗu da kafofin gigabit 2.5 biyu da RAM da ake sauyawa, kuma wanda ya zaɓe shi ya san cewa ya sayar da buɗaɗɗiyar tayarwa ne ya sayi layukan PCIe da sauƙin manhaja. Wanda ba zai yarda da wannan ciniki ba, RK3399 ce mafi ƙarfin abin da ke tashi a buɗe daga cikin waɗanda aka ambata, kuma a RockPro64 da katin JMB585 ko ASM1166 zai iya kai fayafai biyar ko shida, muddin ya tanadi wutar volt 12 da za ta ɗauki tashinsu, ya kuma sayi kebul na siriyal tun ranar farko, domin allon ARM da ya ƙi tashi ba ya nuna dalilinsa a ko'ina sai ta wannan kafa.